An ba ƙanena Jogirafi a BUK: ya karɓa ko ya sake JAMB?

Yayan Sadiƙu, yankin Auyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ƙanena ya nemi injiniyanci, makinsa bai kai ba, sai aka ba shi gurbi a Jogirafi a Jami'ar Bayero. Ni zan ɗauki nauyin karatun, da ɗan albashin koyarwa da abin da shinkafar rani ta bari. Baba ya ce labarin ƙasa ai haddar sunayen koguna da duwatsu ne, shekara huɗu a kansa asara ce. Kawunmu kuma ya ce fannin ba shi da alƙibla, shi bai zama kimiyya ba, shi bai zama ilimin zamantakewa ba. Yaron bai ce komai ba, amma na lura yana so. Ku da kuka san abin daga ciki, me kuka gani?

Baban Khalifa, Ringim:
Ya karɓa kawai. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wa ya ba shi tabbacin makin baɗi?

Malamin Jogirafi, ɗan Kafin Hausa:
Wa alaikumus salam, Malam. Fannin nan nake koyarwa, don haka ka auna maganata da wannan. Abin da kawunku ya faɗa, mu ma a kansa muke sa-in-sa a ɗakin malamai. Akwai masu ƙasa da ruwa da yanayi, akwai masu yawan jama'a da kasuwanni da ƙaura, kowane ɓangare yana ganin shi ne mai gidan. Har jami'o'i ba su daidaita ba: wata ta ajiye mu a tsangayar kimiyya, wata a ta zamantakewa.

Ni dai ina ganin wannan tsaka-tsakin shi ne amfaninmu, kuma hujjata tana bayan gidanku. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Kafin su, kogin Haɗeja yakan cika da damina ya janye da rani. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonakin suka nutse, wasu fadamun can ƙasa suka rasa rabonsu. Mai auna gudun ruwa zai gaya maka rabin labarin. Ragowar sai ka zauna da masunci, da Bafulatanin da burtalinsa ya ɓace, da manomin da ya bar gero ya koma shinkafa. Ɗalibin da muke so mu yaye shi ne mai iya riƙe ma'auni da safe, da yamma ya zauna a tabarmar mai unguwa.

Kuma ƙasar nan tamu ta taɓa girgiza muhawarar duniya. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Zariya sannan a BUK, ya daɗe yana nazarin ƙauyukan kewayen Kano. Bayan farin shekarun 1970, abin da ake yaɗawa shi ne yawan jama'a na cinye ƙasa, hamada na tafe. Shi kuwa ya nuna manoman da ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna kai mata taki a kan jaki, suna barin gawo da ɗorawa a tsakiyarta, ƙasar kuma ba ta mutu ba.

Alhaji Manomi, Maigatari:
Malam, da girmamawa, Baturen nan ya zo nan arewa ya gani kuwa? Rijiyoyinmu sun ƙara zurfi, iska na binne shuka da rairayi. Ba a littafi na karanta ba.

Malamin Jogirafi:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Bai ce babu lalacewa ba, cewa ya yi kada a yi wa ko'ina kuɗin goro. Ƙasar Maigatari daban, ta Gezawa daban, ruwan samansu ma ba ɗaya ba. Irin ƙalubalen nan naka nake roƙon ɗalibai su yi mini a aji, su kuwa sai rubutu suke kamar ana yi musu shifta.

Abu Hanifa, Gaya:
Bari in zuba ruwan sanyi kaɗan. Ni Jogirafi na karanta, yau ina koyarwa a makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ni ƙarshen wata. Inda na yi, kwamfutocin sashen ba su isa ba, zanen taswira da kwamfuta, wato GIS, a allo aka koya mana shi. Abokan karatunmu da suka samu shiga ofisoshin filaye da ayyukan ƙungiyoyi, waɗanda suka koya da hannunsu ne a waje. Idan zai shiga, a sama masa laftop ko ta hannu ce. QGIS, manhajar zanen taswirar, kyauta ake sauke ta. In takardar digiri kaɗai zai fito da ita, gara ya sake JAMB ɗin.

Maman Ilham, Dutse:
Yaya, a tambayi yaron tukuna, shi zai zauna a ajin. A kuma gaya masa akwai lissafi da ƙididdiga a ciki, kada ya zaci gudun su ya yi. Ka ware kuɗin fita nazarin fili tun yanzu, don ba ya cikin kuɗin rajista a wurare da yawa. Shi kuma Baba, a lallaɓa shi da tarihi: a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature mai yawon bincike, Clapperton, taswirar ƙasashen nan a Sakkwato. Ba aikin banza ba ne a wurin magabata.

Yayan Sadiƙu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zancen kachala zan fara kai wa Baba, don ita ta cinye masa gonar bakin kogi. Abu Hanifa, laftop ɗin dole ne tun ajin farko? Kuɗin rajista kaɗai na haɗa.

Abu Hanifa:
A'a, ajin farko darussan share fage ne. Ka bari sai an sayar da shinkafar baɗi, ya shiga aji biyu da ita.