Kuɗin wasanni ko na ɗakin gwaje-gwaje: abin da aka tattara a zaman tsofaffin ɗalibai

A zaman da muka yi ranar Asabar, tambayar ita ce idan kuɗin jami'a ya yi kaɗan, wa za a fara ba, filin ƙwallo ko ɗakin gwaje-gwaje?

Mafi yawan mutane sun ce karatu ne gaba. Wani malamin kimiyya ya ba da labarin yadda ɗalibai arba'in ke layi a kan madubin duba ƙananan halittu guda ɗaya, wasu har lokaci ya ƙare ba su leƙa ba. Ya ce kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu da aka kafa a 2011, ya kamata a bar shi kan gine-gine, littattafai, bincike da horar da malamai. Wata kuma ta tuna yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022, ta ce wanda bai biya malami ba ai bai da bakin maganar sayen riguna na 'yan wasa.

Amma ba a yarda a yi watsi da wasanni ba. Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce kuɗin wasanni da ɗalibai ke biya lokacin rajista a ware shi a asusu daban, a riƙa manna lissafinsa a allon sanarwa. Tafiyar gasar wasannin jami'o'in Najeriya (NUGA) kuma a nemi kamfanoni da tsofaffin ɗalibai su ɗauki nauyi.

Ni dai na fi gamsuwa da batun manna lissafin, don mu a zamaninmu mun biya kuɗin wasanni shekara huɗu, ragar gola ma ba a canza ba.