Ni AS, shi AC, kuma an riga an kawo lefe

Ɓoyayyiya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah admin a sakaya sunana. Shekara huɗu muna tare, shi ya biya mini kuɗin jarrabawa da Baba ya rasu, har Inna ta ce ba ta da suruki sai shi. Ni AS ce a gwajin jini na sikila (genotype). Shi kuma gwajin da ya yi a da ya nuna ba shi da sikila. Da aka sa rana muka sake gwajin, takardarsa ta fito AC. Saura sati biyar, kwana uku ban runtsa ba. Mene ne C kuma?

Maman Haidar: AC ai ba komai 'yar uwa, AS da AS ne matsala. Ki yi aurenki.

Anti Nas: Maman Haidar, in ba ki sani ba ki yi shiru. Ƙanwata, tsohon gwajin S kaɗai yake nema: a rage wa jini iskar oksijin a ga ko ƙwayoyinsa za su lanƙwashe kamar lauje. C shi ma wani nau'in jini ne da ake gada kamar S, amma ba ya lanƙwashewa haka, shi ya sa ya ɓuya. Amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya ɗauko S naki da C nasa, ya zo SC. Sikila ce. Galibi ta fi SS sauƙi, amma tana taɓa ido, tana cin ƙashin ƙugu. Ki haƙura kawai.

Ɓoyayyiya: Anti, ba ɓoye mini ya yi ba fa. Danginsu kaf lafiyarsu ƙalau, kakarsa 'yar Tamale ta arewacin Gana ta haura tamanin.

Anti Nas: To kin ga tushen. C ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. Kuma mai AC ai lafiyarsa ƙalau, kamar ke. Maganar 'ya'ya ake yi.

Ummu Sadiq: Hmm. Ni biyu Allah ya ba ni masu SS. Sai da na farkon ya wuce wata shida hannayensa suka fara kumbura. Uwar mijina har yau cewa take daga gidanmu ciwon ya fito, alhali rabi daga ɗanta ne. Lokacin sanyi ni kaɗai ke kwana asibiti, uban yana ɗakin amarya.

Malam Abu Zainab: A yi istihara, ciwo da lafiya na Allah ne. In haihuwa huɗu za su yi ma ai ɗaya ne kawai.

Anti Nas: Ba haka lissafin yake ba Malam, kowane ciki da nasa, duk huɗun na iya zuwa SC. Kuma in a Kano take, tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure.

Ɓoyayyiya: Ba a Kano nake ba. Kuna ta cewa in haƙura, ba wanda ya faɗa mini yadda zan tunkari Inna. Gobe ma za mu sake gwajin a wani wuri, ƙila kuskure ne.

Maman Haidar: Ni dai maƙwabciyata AS ta auri AC, yaranta uku garau.