Allon rufin F-250 ya daina nuna komai

Ɗan Madarunfa:
Assalamu alaikum, masu sana'a. Ford F-250 ce ta 2004, ƴar Kwatano. Ƙaramin allon nan na rufi, saman madubin tsakiya, mai nuna gabas da yamma da zafin waje, shi ne ya mutu. Da farko dishi-dishi yake yi, rana na takewa ya ɗauke, in taya ta faɗa rami ya dawo. Yau sati biyu ko ƙyalli babu. Fitilun ciki na kamawa lafiya. A nemo wani ne, ko yana gyaruwa?

Mai wayarin mota:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka saya tukuna. A fara da wuta: a sauko da akwatin a hankali, don robar da ta sha ranar Maradi tsagewa take yi kamar busasshiyar ƙwarya. A zare soket, a murɗa makulli, a auna da mita. In mita ta nuna wuta bolt 12, kuma wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota na da kyau, fis ya fita daga zargi. Amma yadda ka ce rami na dawo da shi, wannan alamar like ce da ya saki a ciki.

Mai gyaran rediyo, bakin babbar kasuwa:
Maganar Malam haka take, kuma sanannen ciwo ne a waɗannan motocin. A kan faifan da ke bayan gilashin akwai wasu rezista, wato ƴan ƙananan abubuwa masu rage ƙarfin wuta, baƙaƙe, shafaffu, ba su da ƙafa, an rubuta 510 da 680 a kansu. Dama zafi suke yi in suna aiki. Ka haɗa da zafin Afrilu da ke wuce 40 a inuwa, su kuma suna ƙarƙashin kwanon rufi, ga girgizar hanyar jar ƙasa. Dalma ta kumbura, ta tsuke, har ta tsage. Tsagar siririya ce kamar gashi, sai da madubin ƙara girma. A taɓa kowace da tsinken sakace. Wadda ta motsa ita ce. Wani sa'in ma ta riga ta faɗo, za a ji tana kaɗawa cikin akwatin, don haka a buɗe shi a kan farin ƙyalle.

A nan ne aka fi yin kuskure: om shi ne ma'aunin rezista, amma 510 ba om 510 ba ne, om 51 ne, haka 680 om 68 ne. Lambar ƙarshe yawan sifilin da za a ƙara take nufi. Wanda ya sa mai om 510 allonsa ba zai kama ba, ya zaci ya mutu ke nan.

A goge wurin da alkol, a ɗauki ƙarfen like mai siririn baki, wat 25 zuwa 30, kada ya wuce daƙiƙa 3 a wuri ɗaya, in ba haka ba layin jan ƙarfen ya ɓalle daga faifan. A sake like dukansu, har waɗanda ba su saki ba, don suna hanya. Wadda ta ɓata a maye ta da mai ƙafa, ta wat 1, a ɗan ɗaga ta daga faifan iska ta riƙa ratsawa.

Sannan a kula da gilashin, babu iska a cikinsa. Yana da wani baƙin tabo mai sheƙi a kusurwa, ba ƙuna ba ce. In tabon ya koma fari, iska ta shiga, nan kam sai canji.

Mai wayarin mota:
Ƙari ɗaya, Alhaji. A gwada shi a soket kafin a mayar da kusoshi. In ya kama amma zafin da yake nunawa ba na hankali ba ne, a duba na'urar auna zafi da ke gaban mota kusa da lagireto, sau da yawa wayarta ce ta tsinke ko ƙura ta cika soket. In kuma ya nuna CAL, wato mai nuna gabas da yamma na neman saiti, a fita fili nesa da rumfar kwano da manyan wayoyin lantarki, a yi ta zagaye da motar a hankali, kamar tafiyar ƙafa, har rubutun ya ɓace.

Ɗan Madarunfa:
Allah ya saka da alheri. An buɗe, ɗaya mai 680 tana lilo da gefe guda, tabon kuma baƙi ne. Gobe da safe za a kai wa mai like.