Na'urar sauraren MP3 ta ƙi haɗuwa da kwamfuta, ina neman taimako

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana harkar kwamfuta. Ina zaune a Anguwan Rogo, Jos, kuma ina da ƙaramar na'urar MP3 mai gigabait 8 wadda nake loda wa karatun Alƙur'ani. Mako 2 ke nan ta ƙi karɓar komai daga kwamfutata.

Idan na jona ta tana yin caji, amma sunanta ba ya fitowa a jerin ma'ajiyai. Na zaci wayar USB ɗin ce, tunda akwai wayoyin da caji kaɗai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai, sai na sayo sabuwa a kasuwar Taminus, na gwada kowace kafa, amma ba ta sauya zani ba. Da na mayar da saitinta daga MTP zuwa MSC (hanyoyi biyu da na'urar ke haɗuwa da kwamfuta; a MSC tana fitowa kamar filashi), ta bayyana na ɗan lokaci, sannan ta ɓace.

Wani mai gyara ya ce a goge ta a sake tsara ta da FAT32 (wani tsarin ajiye fayiloli), ni kuwa ina tsoro, domin muryar marigayi mahaifina tana ciki, kuma ba ni da kwafinta. Shin akwai hanyar kwashe fayilolin tukuna kafin a goge? Allah ya saka da alheri.