Neman kalmar Hausa: me za mu kira "tied house"?

Jama'a, a kawo agaji. Ina fassara wani rahoto kan kasuwar giya a Birtaniya, sai na yi karo da "tied house", tun safe ta tsaya mini a wuya. Kafin wani ya buɗe mini wa'azi, aikin fassara nake yi, ba talla ba.

Ga abin da ake nufi. Mashaya ce da gininta mallakar kamfani ne, mai gudanar da ita haya yake yi, amma da sharaɗin ba zai sari giya a hannun kowa ba sai kamfanin, a farashin da kamfanin ya yanka. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke biyan yara, in an faɗi asarar tasa ce. Zaɓin kaya ne kawai ba ya hannunsa.

A 1989 hukumar da ke binciken babakere a Birtaniya ta gano manyan kamfanoni shida ne ke yin kusan kashi 75 cikin 100 na giyar ƙasar, kuma su ke da fiye da rabin mashayu. Gwamnati ta ce duk kamfanin da ya haura mashaya 2,000 ya saki rabin abin da ya ɗoru a kai. To da Hausa fa?

Da na jefa tambayar, amsa ta farko daga wani malaminmu ce: "babakere". Malam, na gode, amma ina da ja. Babakere shi ne inda aka dosa, wato mutum ɗaya ya kankane kasuwa. Na riga na ajiye ta don "antitrust", dokar hana babakere, irin wadda ta sa a 2016 da kamfanin giya na AB InBev ya haɗiye takwaransa SABMiller, sai da aka amince za a sayar wa kamfanin Molson Coors hannun jarin da SABMiller ke da shi a kamfanin giya na MillerCoors kafin Amurka ta yarda. Ni hanyar nake nema, igiyar da ake kama ɗan kasuwa ɗaya da ita.

Wani ya ce "yaron shago". A'a. Yaron shago ana sallamarsa, kuma asara ba ta hawa kansa. "Dillali" ma ba ta shiga ba, dillali la'ada yake ci.

Sai wata Hajiya mai shagon kayan masarufi ta rubuto abin da ya tsayar da ni. Ta ce wani kamfanin lemo ya ba ta firji kyauta, ja wur, da sunansa a jiki. Ran nan wakilinsu ya zo ya buɗe, ya tarar da goran zoɓo biyar da kunun aya a ƙasa, ya ce ko ta kwashe ko a turo mota a ɗauke firjin. Ta ce, "Ɗana, ni dai ɗaurin talala aka yi mini."

Hajiya, Allah Ya saka da alheri, kin gama aikin. Akuyar da aka yi wa talala tana kiwo, tana zagayawa, mai kallo daga nesa zai rantse sake take, sai ta kai ƙarshen igiya. Kalmar ta ma fi ta Turancin faɗin gaskiya, don ta nuna akwai ɗan sarari.

Kuma ta dace da abin da ya biyo baya. Bayan dokar 1989 kamfanonin giya sun sayar da mashayun, wasu kamfanoni masu tara mashayu suka saye, suka ci gaba da ɗora wa 'yan haya sharaɗin sari. Turke aka sauya, igiya tana nan. Sai a 2016 aka kawo ƙa'idar da ta ba ɗan haya damar neman a kwance shi, in kamfanin na da irin waɗannan mashayu 500 zuwa sama a Ingila da Wales. Amurka kuwa, bayan ɗage haramcin giya a 1933, raba aikin ta yi gida uku: mai yi, mai sari, mai sayarwa, dokar tarayya ta 1935 kuma ta hana mai yi ɗaure mai sayarwa.

Wani ya tuna mini cewa 'yan jarida na amfani da ɗaurin talala ga wanda aka tsare a gidansa. Haka ne, shi ya sa ba zan bar ta tsirara ba. Abin da na rubuta: "mashaya mai talala", wadda ba ta da sharaɗi kuma "sakakkiyar mashaya". Na tura wa edita, sai mu ji ko zai bar ta.