Wace kalma za mu ba "cholangitis" da Hausa?

Jama'a, ku zo mu daidaita. Cholangitis cuta ce ta hanyoyin da ruwan maɗaciya ke bi, amma na ga masu fassara labaran lafiya suna rubuta "ciwon hanta" kawai. Ban yarda ba. Bahaushe na jin ciwon hanta, hankalinsa zai tafi kan wanda ake ɗauka ta jini, a fara ware wa mara lafiya kwano da cokali. Alhali nau'o'in cholangitis biyu da ake ta bincike a kansu, PBC (primary biliary cholangitis) da PSC (primary sclerosing cholangitis), ba a ɗaukarsu daga kowa. A PBC garkuwar jiki ce take juyowa kan ƙananan hanyoyin da ruwan maɗaciya ke bi a cikin hanta. Ruwan ya taru, sai ƙaiƙayi mai hana barci, gajiya, daga baya ido ya yi shawara.

Su ma Turawan sun sha wannan gardama. Har 2015 ana kiran PBC da sunan ƙonewar hanta (cirrhosis), marasa lafiya suka koka cewa ana yi musu kallon mashaya, kuma da yawansu hantarsu ba ta kai nan ba. Aka sauya sunan zuwa cholangitis. Tara cikin goma na masu ita mata ne.

Wani ya ce mu ce "jijiyar maɗaciya". Malam, jijiya ta riga ta yi nauyi: ta jini, ta wuya, ta laka, duk ita ce. "Bututu" kuma ya fi kama da aikin mai gyaran famfo. Ni dai magudana na zaɓa, don wanda ya taɓa fiɗar kaza ya san koren ruwan nan gudana yake yi, in ya fashe ya ɓata nama.

Don haka: kumburin magudanar maɗaciya. 'Yan uwa masu cewa matsarmama su sa tasu, ba rigima.

PSC ce ke buƙatar ƙari, tunda tabo ne ke matse magudanar har ta toshe: kumburin magudanar maɗaciya mai tabo. Ta fi kama maza, sau da yawa tare da gyambon babban hanji, kuma in ta yi tsanani sai dashen hanta. PBC kuwa tana da magani, ursodiol, sannan a 2024 Amurka ta amince da wasu magunguna biyu, Iqirvo da Livdelzi.

Likitocinmu na Kano da Zariya, in kun faɗa wa mara lafiya wannan suna a ɗakin duba marasa lafiya, zai gane ko sai an ƙara bayani?