Taƙaitawar shawarwari kan sauraron labarin wasu domin iya ba da namu

An yi wata tattaunawa kan yadda sauraron labarin wasu yake taimaka wa mutum ya iya ba da nasa. Ga abin da mahalarta tattaunawar suka faɗa, a dunƙule.

1. Kusan kowa ya yarda cewa da kunne ake fara koyon ba da labari. An kawo misalin tatsuniyar dare, inda yaro yake lura da yadda kakarsa take sassauta murya idan Gizo ya shiga tarko, sannan ta yi jinkiri har sai yara sun ƙosa, kuma wannan dabarar ce yake ɗauka ba tare da an koya masa ba.

2. Da yawa sun ba da shawarar zama da dattawa, musamman kan ambaliyar Gulbin Maradi ta 1945 wadda ta sa garin Maradi ya koma kan tudu. Kowane gida yana da irin nasa bayanin, kuma wanda ya saurari gidaje da dama yakan gane abin da danginsa suka tsallake. A ganina wannan ce shawara mafi amfani.

3. An rabu kan amana. Wasu sun ce abin da aka ji a fada, wato majalisar shan shayi, ba a kai shi gaba sai da izinin mai shi. Wasu suna ganin sauya suna da unguwa ya wadatar, ko da yake a Maradi ba wuya a gane mutum.

4. Kan ɗaukar murya da waya ma ba a daidaita ba, domin wasu tsofaffi sukan kame bakinsu da zarar sun ga an ajiye ta a gabansu.